Yadda ake zuwa tsibiri kallon baƙin tsuntsaye a bazarar Birtaniya

Ranar da na fara ganin dattawan Turawa sun kai talatin sun yi sahu a bakin wata katanga, kowa ya kafa madubin hangen nesa, an yi tsit kamar ana jiran liman ya tada kabbara, na ɗauka wani babban abu ne ya faru. Na matsa na tambayi wani tsoho me ake kallo, ya ɗora yatsa a baki sannan ya ja ni ya ce in leƙa ta madubinsa. Ina leƙawa sai ga alhudahuda. Wallahi alhudahuda dai da kuka sani, mai tukkun nan, yana ta caccakar ƙasa abinsa. Da ƙyar na danne dariya, don irinsa nawa muka bi da danƙo a bayan gari muna yara. Amma a Birtaniya baƙo ne, kimanin ɗari ake gani duk shekara, kuma tsohon nan ya ce mun awa huɗu ya yi yana tuƙi saboda shi kaɗai. Tun ranar abin ya shiga raina, yanzu ni ma na zama cikin mahaukatan. Toh tunda ƴan'uwa masu karatu da masu aiki a nan suna yawan tambayata wai me nake zuwa yi tsibirai duk watan Mayu, bari in faɗi yadda ake yi tun daga farko.

Mataki na farko ba sayen komai bane, ka fara gane abin da ke faruwa tukuna. Lokacin da zafin bazara ke gasa mutane a Kano da Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu, a lokacin ne tsuntsayen da suka yi hunturu a wajenmu suke haramar komawa. Fadamar Hadejia da Nguru, gefen Tafkin Chadi, dutsen Jos, duk cike suke da baƙi daga Oktoba, mu dai bamu lura bane. Ɗan rawayan nan mai kaɗa jela da ke bin ƙafar shanu a fadama, da tsattsewa, da wasu ƙananan masu launin ƙasa da muke haɗa su duka mu ce musu tsuntsu kawai, da yawansu ƴan Turai ne. Kafin su tashi sai su ci su tara kitse, wani mai giram 11 sai ya kusa ninka nauyinsa, saboda hamadar Sahara ce a gabansa, wajen kilomita 2,000 babu abin kirki da zai ci, ya gama da ita kuma ga Bahar Rum. Yawancin ƙananan da dare suke tafiya. Gari ya waye wa irin wannan tsuntsu a saman teku, ya gaji, ga ruwa yana dukansa, duk ƙasar da ya fara hangowa nan zai faɗa. Amfanin tsibiri kenan, kamar rijiya ɗaya ce a dogon daji, kowane matafiyi sai ya tsaya. Kuma tsibiran nan yawanci babu itatuwa, tsuntsun da in a daji ya sauka ba mai ƙara jin labarinsa, a nan sai ka ganshi a kan wayar shinge ko cikin lambun kabejin wata tsohuwa.

Baƙin da ake rububi a kansu hanya biyu suke ɓacewa. Akwai masu nufin Norwe da Suwidin da Finlan, iskar gabas ta ture su ta ƙetare da su Tekun Arewa. Akwai kuma waɗanda Sifen ko kudancin Faransa ne gidansu, suka samu iska mai ɗumi a bayansu suka wuce gida basu sani ba, irin mai barci a mota da ya wuce tasharsa. Alhudahudan nan nawa cikinsu yake, haka ma mai cin ƙudan zuma mai launi kala-kala, har shirwa. E shirwa, wadda ke sure mana ƴan tsaki, in ta ɓullo a Birtaniya sai an sanar a waya. Balbela ma da haka take, sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a Ingila, yanzu ta zama ƴar gida a kudu.

Na biyu, zaɓi tsibiri daidai ƙarfinka. In baka taɓa yi ba kar ka fara da mai wuya. Isle of May da ke gabashin Sikotlan ya ishe ka gwaji, ana shiga jirgin ruwa daga garin Anstruther, a yi awa biyu zuwa uku a kan tsibirin a dawo ranar, kuma ko baƙo bai zo ba zaka sha kallon puffin, wani ɗan tsuntsun teku mai baki kamar na aku da ke haƙa rami a ƙasa. Tashar nazarin tsuntsaye ta can tun 1934 take. Wadda ta riga ta da shekara ɗaya ita ce ta Skokholm a Wales, Ronald Lockley ya buɗe ta a 1933, ita ce ta farko a Birtaniya. A Wales ɗin akwai Bardsey ma. In masu wuce gida daga kudu kake so, tsibiran Scilly zaka nufa, kilomita 45 daga ƙarshen Cornwall, jirgin ruwa daga Penzance kusan awa uku, ko da yake su sunansu ya fi fita a watan Oktoba. Jamus na da Heligoland, amma ka tuna bizar Birtaniya ba ta kai ka can, sai da ta Shengen.

Ni dai Fair Isle ne nawa, kuma a kansa zan fi yin magana. Ɗan tsibiri ne tsakanin tsibiran Orkney da Shetland a arewacin Sikotlan, tsawonsa wajen kilomita 5, mutanen da ke zaune a kai basu wuce sittin da ɗan wani abu ba, tumaki sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma an ga tsuntsu iri sama da 380 a wurin. George Waterston ne ya kafa tashar can a 1948 bayan ya dawo daga zaman fursunan yaƙi a Jamus. Gobara ta cinye ginin a Maris 2019, an sake gina shi. Tsuntsaye da dama da ba a taɓa gani a Birtaniya ba a nan aka fara ganinsu, misali Cretzschmar's bunting a Yunin 1967, wanda wajen Girka da Turkiyya yake haihuwa, hunturu kuma ya yi shi a Sudan da Eritiriya, ƴan'uwanmu na Sudan ƙila sun sha ganinsa basu kula ba.

Na uku lokaci. Ƙarshen Maris da Afrilu na farko-farko ne suke isowa, akwai yawa amma abin mamaki kaɗan ne, ga sanyi. In hutun sati ɗaya kawai gareka a shekara, ajiye shi tsakanin 20 ga Mayu da 10 ga Yuni, nan ne ƴan gabas masu makara suke zuwa, irin su bluethroat mai shuɗin maƙogwaro kamar an zuba masa baba, da red-backed shrike mai baƙin kwalli a ido, da rosefinch. Na Scilly kuma Afrilu zuwa farkon Mayu ya fi.

Sai neman masauki, kuma nan mutane ke makara. Gadajen tasha kaɗan ne, masu zuwa duk shekara tun suna barin wurin suke kama na baɗi, don haka ka rubuta musu tun hunturu, zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Tun a wasiƙar ka faɗa musu maganar abinci, ka ce kifi da ganye zaka ci, ba sa jin komai, sun saba. Shago ɗaya ne a Fair Isle, saboda haka yajinka da garin kwaki da gyaɗa da dabino su shiga jaka. Hanya kuwa, daga Aberdeen akwai jirgin ruwan dare zuwa Lerwick, awa 12 zuwa 14, tikitin kujera ya fi na ɗaki sauƙi sosai in bayanka zai iya. Daga Shetland ko ka hau ɗan jirgin sama mai kujera takwas daga Tingwall, minti 25, ko ɗan jirgin ruwa mai ɗaukar fasinja 12 daga Grutness, awa biyu da rabi. In teku ka zaɓa, sha maganin jiri awa ɗaya kafin tashi, kar ka cika ciki, kar ka ce ai ni ɗan bakin kogi ne na saba kwalekwale, Tekun Arewa ba Komadugu bane. Kuma ka duba jakarka da kyau kafin ka shiga jirgin kowane tsibiri, ɓera ɗaya in ya sauka zai iya gamawa da ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, tsibiran Lundy da St Agnes sai da aka yi shekaru ana fama kafin a raba su da ɓeraye.

Kaya ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa, 8 ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba, kar wani ya ruɗe ka da mai 20 ko 30, hannu ba ya iya riƙe shi tsaye, komai rawa zai dinga yi. Na hannu mai kyau ya fi sabo na banza. Babban madubi mai ƙafa uku bari sai ka tabbatar kana son harkar, tukuna ma masu shi basa hana leƙe. Littafin tsuntsayen Turai mai zane, ƙaramin littafin rubutu da fensir saboda biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, takalmin da ruwa baya shiga, rigar ruwa da wandonta, safar hannu da hular sanyi. E a watan Mayu, don da wuya zafin Shetland ya wuce digiri 12 a lokacin, ga iska mai ratsa ƙashi. Kala mai duhu zaka sa, farar shadda a bari sai sallah. A waya ka sauke Merlin, manhajar gane tsuntsu, da eBird ko BirdTrack na rubuta abin da ka gani, ka sauke bayanan tun kana gari don sabis yana ɗaukewa.

Kafin tafiyar ka yi wata biyu kana zuwa lambun unguwa da bakin ruwa kana koyon tsuntsayen yau da kullum har ka gaji da su. Wannan matakin shi kowa ke son tsallakewa, kuma shi ne aikin. Wanda bai san ƴan gida ba ta yaya zai gane baƙo? Tsuntsu ɗari zaka duba a yini, casa'in da tara ƴan gida ne, sai ka san su a kallo ɗaya sannan idonka zai tsaya a kan na ɗarin ya ce wannan fa da sake.

Toh yanzu maganar iska, wadda ita ce uwar komai. Yawancin kwanaki a Birtaniya iska daga yamma ko kudu maso yamma take zuwa, kuma a Fair Isle iskar yamma ko ta arewa maso yamma a watan Mayu yunwa ce, zaka zagaye tsibirin ƙafa ta yi ciwo ka dawo da ƴan gida kawai. Abin da zaka yi, kullum dare ka buɗe taswirar yanayi ta Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, ko manhajar Windy, ka nemi babban harafin H, alamar wurin da nauyin iska ya yi yawa, in ka ganshi ya zauna a kan Norwe da Suwidin to fara murna. Dalili, iska tana zagaya H ne yadda hannun agogo ke tafiya, don haka ta ƙasansa daga gabas take busowa, kuma sararin sama a can garau yake, tsuntsaye sun samu daren tashi. In kuma aka yi dace akwai harafin L, alamar wurin da nauyin iska ya yi ƙasa, daga kudu yana turo gajimare da yayyafi zuwa Tekun Arewa wajen asuba, shikenan abin nema ya samu, sun tashi lafiya, iska ta karkatar da su, ruwa ya sauke su. Irin wannan safiyar zaka fito ka ga kowane shinge da tsuntsu, har gaɓar dutse tana motsi. Su kansu ba murna suke ba, wahala ce ta kawo su, shi yasa nake ɗan jin nauyin addu'ar da muke yi ta neman iskar gabas. Na Scilly kuma abin nema iskar kudu ce mai ɗumi da ta taso daga Sifen. Sai dai ga inda gizo ke saƙa, yanayin da ke kawo tsuntsu shi ke kawo hazo, ba irin namu na ƙura ba, mai laima wanda baka ganin tafin hannunka, kuma hazo shi ke hana jirgi sauka. In ka zauna a gari kana jira sai ka ji labari sannan ka taso, zaka ƙare a filin jirgi kana karanta abin da wasu ke gani. Dole kana can tun kafin iskar ta juya.

Yadda yinin yake, tashi da sassafe ka bi ma'aikatan tasha zagayen tarko. Tarkon wani dogon keji ne na waya mai faɗin baki yana tsukewa har zuwa ɗan akwati, a Heligoland aka ƙirƙire shi shi yasa sunan ya bi shi. Ana kama tsuntsu a auna fiffike da nauyi a sa masa zobe mai lamba a ƙafa a sake shi, kai naka kallo ne, ba a taɓawa sai mai lasisin BTO, ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya. Nan zaka ga abin da littafi ba zai nuna maka ba, yadda ƙirjin tsuntsun da ya ƙetare teku yake zama ƙashi zalla. Bayan kari sai ka fita. Ka dubi inda iska ke busowa ka nufi ɗaya gefen, don tsuntsu mafaka yake nema, bayan katanga, cikin kwata, lambunan gidaje a kudancin tsibirin, da lungunan gaɓar teku da suke kira geo, inda zaka zauna a sama ka dinga leƙa ƙasa. Tafi a hankali, taku goma ka tsaya, rana ta kasance a bayanka. A lambu ɗaya ka iya yin minti ashirin baka ga komai ba sannan wani abu ya fito daga ƙarƙashin ganye kamar ɓera. Kunne ma aiki yake, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a bazara mazan suna rera waƙa ko da a hanya suke, sau da yawa kuka zaka fara ji kafin ka ga mai shi. Kar ka koma ɗaki da azahar ka ce an gama, a Fair Isle baƙi sukan ci gaba da sauka har la'asar. In ka hango motar tasha tana yawo da jan tuta, bar abin da kake yi ka tare ta, an ga babban baƙo kenan.

In kuma kai ne ka ci karo da wanda baka gane ba, kar ka buɗe littafi, kuskuren sabon shiga kenan, kana sunkuyawa ya tafi, kuma zanen littafi zai sa ka ga abin da babu. Kalle shi iya kallo. Girmansa in an gwada da gwara, bakin siriri ne na cin ƙwari ko kauri na fasa tsaba, akwai gira a saman ido, akwai zane a fiffike kuma guda nawa, launin ƙafa, gefen jela fari ne ko a'a, yana kaɗa jelar ko yana ɗaga ta, tsalle yake ko tafiya. Ɗauki hoto ko ya yi dishi-dishi, ɗauki kukan a waya, rubuta abin da ka gani da lokaci da wuri, sannan ka kira ma'aikatan tasha nan take, kar ka bari sai dare. Kunya ba ta da amfani a nan, na taɓa tara mutane a kan macen wani tsuntsu na yau da kullum, aka yi dariya aka watse, ba wanda ya riƙe ni da shi. Merlin yana taimako amma yana shirga ƙarya wani lokaci, kar ka kafa hujja da shi kaɗai. In baƙon na gaske ne akwai kwamitin tantancewa da ke aiki tun 1959, a rubuta bayani a tura musu da hoto, su amince ko su ƙi. Kuma kar ka ce abu ba zai yiwu ba, a Mayun 1990 an ga ancient murrelet a Lundy, tsuntsun tekun Fasifik, ya kuma dawo a 1991 da 1992.

Ladabi kaɗan. Tsuntsun nan a gajiye yake, kar ka dinga tada shi don hoto, kar ka kunna masa kuka a waya. Gonakin na mutane ne, ga lokacin haihuwar tumaki, ka rufe duk ƙofar da ka buɗe, kar ka hau katangar dutse don ba siminti a ciki, kar ka kafa madubi saitin tagar mutane. Damun sheƙar wasu tsuntsaye laifi ne a dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981. Gawar tsuntsu kar ka taɓa, murar tsuntsaye ta yi mummunar ɓarna a Shetland a 2021 da 2022. A tudun arewacin tsibirin akwai wani ƙato mai launin ƙasa da suke kira bonxie, in ka kusanci sheƙarsa kanka zai nufo gadan-gadan, ɗaga hannu ko sanda sama ka bar wurin da sauri.

Maganar sallah ka shirya mata tun a gida, a ƙarshen Mayu rana tana kai wajen ƙarfe goma na dare bata faɗi ba a Shetland, kuma duhu baya gama rufewa har gari ya sake wayewa, manhajar salla sai ta rikice a kan isha'i da asuba. Ka tambayi limamin masallacinku tsarin da zaka bi kafin ka taso.

Da dare ana taruwa a tasha, shugaban ma'aikata ya dinga kiran sunan tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi nawa ya gani kuma a ina. Ka je ko da tsattsewa uku ne kawai a littafinka, ka faɗa, ana rubutawa, da irin wannan lissafin na shekara da shekaru aka gane cewa masu zuwa Afirka da yawa suna raguwa. Zoben nan ma haka, in wani a gida ya kama tsuntsu da ƙarfe a ƙafa, ba asiri bane ba kuma leƙen asiri ba, a kwafi lambar da adireshin da ke jiki, da rana da sunan gari, a tura, za a faɗa muku inda aka sa masa. Masu cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ma wannan aikin suke yi ta ɓangarenmu.

Tikitin dawowa kuma ka bar kwana biyu tsakanin ranar barin tsibiri da ranar komawa aiki ko jarrabawa, don hazo in ya zauna ba ruwansa da maigidanka. In ya riƙe ka, kira wurin aiki tun da safe, ka tambayi masu masauki ko gadonka na nan, ka ɗau madubi ka koma lambunan kudu, iskar da ta hana jirgi tashi ba ta hana su sauka ba.